Zauren Malama: Ɗan SS3 da bai iya dafa shayi ba, laifin wa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar yaranmu na sakandare ce da abin da suka iya yi da hannunsu, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Masu tambayar lefe da rigimar dangin miji ku yi haƙuri sai wani makon in Allah ya kai mu. Wasu saƙonnin na ɗan rage musu tsawo saboda fili.

Tambaya: Malama barka da aiki. Ni malami ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo, shine shugaban makaranta ya kira ni yace daga wannan zangon duk Laraba an bani minti 40 in rinƙa koya wa 'yan SS2 dabarun zaman duniya, wai don ya ga ina taɓa sana'a a gefe. Ba littafi ba kayan aiki ba ko sisi, yaran kuma sun fi 80 a aji wasu ma a ƙasa suke zama. Wallahi ban san ta inda zan fara ba. Ko in nemo not a intanet in rinƙa rubuta musu a allo? Daga wani malami, Zariya.

Amsa: Malam don girman Allah kar ka rubuta not. Ranar da ka ɗauki alli ka rubuta "ma'anar dabarun rayuwa" a allo to ranar ka kashe darasin, don yaran nan sun ƙware wajen kwafa su haddace su zuba a jarrabawa su manta, ai aikin da muka horar da su a kai kenan tun firamare.

Kuma ba yau aka fara wannan yunƙurin ba fa. A 1982 da aka shigo da tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, manufar ita ce yaro in ya gama aji uku na sakandare ko bai ci gaba ba yana da abin yi, aka kawo darasin Intro Tech na koyon fasaha da aikin hannu, gwamnati ta sayo injinan kafinta da na ƙarfe daga ƙasashen gabashin Turai aka rarraba makarantu, da yawansu a cikin akwatunan da suka zo suka yi tsatsa saboda ba wuta ba ɗakin aiki ba wanda ya iya kunna su, yara kuwa suka yi ta zana zarto da guduma a littafi ana ba su maki. A 2011 hukumar NERDC mai tsara manhajar makarantu ta fito da sabuwar manhajar babbar sakandare da sana'o'i 34, kowane ɗalibi dole ya ɗauki ɗaya, WAEC ta fara jarrabawarsu a 2014, a ciki akwai ɗinki da rini da kiwon kifi da walda da aikin famfo da aikin fata har da gyaran waya. Me ya faru? Makarantu da yawa suka ruga suka zaɓi waɗanda ba sa buƙatar komai sai allo da alli, irin su maketin da ajiye lissafi. Ban ga laifinsu sosai ba, ina za su samu keken ɗinki? Amma kaga a takarda an daɗe ana koyarwa, hannun yaro ne bai taɓa komai ba.

To kai rashin kayan nan ma kusan alheri ne gare ka, tunda ba silabas a kanka ba mai zuwa ya ce ka gama kaza kafin hutu.

Fara da kuɗi, don shi ne ba wanda zai yi gyangyaɗi. Raba su rukuni-rukuni, mutum takwas ko goma, ka ce kafin Laraba mai zuwa kowane rukuni ya je kasuwar unguwarsu ya tambayo kuɗin kwanon shinkafa da masara da wake, kwalbar manja, gawayi, kilo ɗaya na gas, sabulu, kuɗin adaidaita zuwa makaranta da dawowa. In sun kawo sai ka ce musu to ga maigida mai mutum bakwai a gida, albashinsa naira dubu 70, wato mafi ƙarancin albashin da aka sa hannu a kai a 2024, ku raba masa ya kai ƙarshen wata. Ka koma gefe ka zuba ido. Za su yi ta musu, wannan yace a cire nama wancan yace a cire kuɗin data, wata tace ai ba a sa kuɗin magani ba in wani ya kwanta fa, kuma lissafin ba zai taɓa fita ba. Kar ka gyara musu. Yaron da ya zauna ya yi wannan lissafin da hannunsa yadda yake tambayar babansa kuɗi ma sai ya canza.

Bayan nan in shugaban makaranta da PTA sun yarda, kowane rukuni su haɗa ɗan jari, ko ɗari bibbiyu ne, su yi wani abu su sayar lokacin tara, zoɓo ko gyaɗa ko alawar madara ko sabulun ruwa, su sami littafi ɗaya su rinƙa rubuta uwar kuɗi nawa, an sayar nawa, wa ya ci bashi. Ina tabbatar maka akwai rukunin da za su cinye uwar kuɗin a mako biyu su zo suna zargin juna, kuma su ne za su fi kowa koyo. Amma Malam kar kuɗin ya kwana a aljihunka ko sau ɗaya, su zaɓi ma'ajinsu a cikinsu, mutum biyu su rinƙa sa hannu, don bakin iyaye ba shi da linzami.

Sai taimakon gaggawa. Nan ba sai ka wahala ba, kusan kowane gari akwai 'yan agaji, na Izala ne ko Fityanu ko Jama'atu, ga Red Cross, ka je da kanka ka roƙi mutum biyu su zo, yawanci da murna suke zuwa. Abubuwan da nake so kowane yaro ya fita da su ba su da yawa. Wuta ko ruwan zafi in ya ƙona mutum ruwa mai sanyi ake ta kwarara wa wurin kamar minti 20, ba manja ba, ba makilin ba, ba ɗanyen ƙwai ba. Mai haɓo gaba zai sunkuyar da kai ya matse taushin hancinsa minti 10, ba ya ɗaga kai sama jinin ya rinƙa bin maƙogwaro ba. Mai farfaɗiya ba a cusa masa cokali a baki, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, in ta lafa a juya shi ya kwanta ta gefe. Ruwan gishiri da sukari na mai gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wannan a aji za a haɗa shi kowa ya ɗanɗana. Su kuma haddace 112, lambar kiran gaggawa.

Sauran makonnin ka duba cikin iyayen yaran nan naka, akwai tela akwai makaniki akwai mai gyaran famfo akwai mai waya, ka gayyace su ɗaya bayan ɗaya. Wata Larabar kowa ya zo da allura da zare da rigar da maɓallinta ya cire, maza da mata. Wata kuma ka yi fotokofin fom ɗin banki su cike da biro ba tare da gogewa ba, za ka sha mamakin yawan waɗanda ba su san wanne ne sunan mahaifi wanne ne nasu a fom ba. Jarrabawa kuwa ɗaya ce, zo ka yi a gabana.

Tambaya: Malama ina wuni. Ɗana na fari shekararsa 17 yana SS3, a makaranta ba laifi yana ƙoƙari, amma ko shayi bai iya dafawa ba, kayansa ƙannensa mata ke wankewa, in ya ci abinci nan zai bar kwanon ya tashi. Da nace ya rinƙa shigowa kicin babansa yace kar in mayar masa da yaro ɗan daudu. Ga shi baɗi in Allah ya yarda jami'a zai tafi, abin yana damuna. Daga wata uwa, Gusau.

Amsa: 'Yar uwa kinga aikinki na farko ba a kan yaron yake ba, a kan maigidan yake, kuma ba a gaban yara za ki tayar da maganar ba don in ya riga ya faɗa a gabansu da wuya ya janye. Ki bari sai kun keɓe yana cikin nishaɗi. Ki tuna masa da aka tambayi Nana A'isha me Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin sallah ya yi ya fita, a wata ruwayar ma yana ɗinke tufarsa yana gyara takalminsa. Sannan ki tambaye shi cikin raha, mai shayin bakin titi da yake zama wurinsa da mai tsire da mai wanki da guga da kukun otal duk mata ne? Abin da maza suke yi a waje a biya su shi ne in an yi a cikin gida ya zama abin kunya, ni dai har yau ban gane wannan lissafin ba.

In ya sassauto ki fara da wanki, ki ce wa 'yan matan daga yau kowa nasa. Zai yi fushi, zai tara kaya har ya rasa na sawa, ki daure ki kau da kai, ranar da ya ga ba yunifom ranar Litinin zai nemo bokiti da kansa. Girki kuma kar ki fara shi da tuwo da miyar kuka, ki bi abin da ɗalibi yake rayuwa a kai a hostel: shayi, taliya, shinkafa da wake da mai da yaji, jar miya guda ɗaya da zai ci da komai, dafa ƙwai, kunu. Ki ware masa rana ɗaya a mako, Asabar misali, abincin rana nasa ne tun daga cefane, ki ba shi kuɗi ya je ya dawo da canji da bayanin abin da ya saya. Inda iyaye mata muke ɓata abin shi ne karɓe ludayi, da kin ga yana yanka albasa a karkace sai ki ce kawo nan kai dai ba ka iya komai ba, to yaushe zai iya? Ki fita daga kicin ɗin ma gaba ɗaya in zuciyarki ba za ta jure ba. Shinkafar ta caɓe ku ci haka nan, babansa ma ya ci.

Abu ɗaya da ba za ki bari ya koya ta hanyar kuskure ba shi ne gas. Ya san in ya ji warinsa ba a ƙyasta ashana ba a taɓa makunnin lantarki, a rufe silinda a buɗe taga da ƙofa. Mai in ya kama da wuta a kasko ba a watsa masa ruwa, kashe murhu ake yi a rufe da murfi. Janareta kuma ba a kunna shi a ɗaki ko a lungun da iska ba ta ratsawa, hayaƙinsa yana kashe mutane suna barci.

Su ma 'yan matan kar ki bar su a wanke-wanke kaɗai, su iya canza ƙwan fitila da ɗaura regileta da duba man janareta.

Tambaya: Anti ni ɗaliba ce SS2, ina so dogon hutun nan in koyi gyaran waya amma yayana yace na maza ne kuma zai raba min hankali da karatu, wai in koyi ɗinki ko lalle kawai. Ni kuma wallahi wayar nake so, ko ta mamanmu in ta samu matsala ni nake dubawa. Daga wata ɗaliba, Kano.

Amsa: 'Yata kin burge ni. Ki gaya wa yayanki gwamnatin tarayya da kanta a 2025 da ta rage sana'o'in manhajar sakandare zuwa guda 6, gyaran kwamfuta da waya yana ciki, tare da haɗa sola da ɗinki da kwalliya da kiwo da noman lambu, kuma ba a rubuta wannan na maza wannan na mata ba. Kasuwa kuwa tana jiranki, mata nawa ne wayarsu ta lalace suka jefa ta a durowa saboda ba sa son miƙa wa namijin da ba su sani ba waya cike da hotunansu na gida? In aka san akwai mace mai gyara a unguwa har ɗaki za a rinƙa aiko miki.

Amma fa yayanki ba shirme yake ba gaba ɗaya. Kasuwar waya irin Farm Centre cunkoso ce ta maza, ba wurin da za a ajiye yarinya daga safe har magariba ba ne alhali ba wanda ya san ogan da take wurinsa. Ki mayar da shi abokin shawara, shi zai nemo mai gyaran da gidanku suka sani, ya je su zauna a yi magana a fili: ƙarfe nawa za ki zo ƙarfe nawa za ki tashi, nawa za a biya, me da me za a koya miki a wata biyun. In ba a yi haka ba sai hutu ya ƙare kina sharar shago da sayo wa oga abinci. Kafin nan ki tattara matattun wayoyin gida da na maƙwabta ki rinƙa kwancewa kina mayarwa da ƙaramin sukundireba, ki san sunan kowane abu a ciki. Batirin da ya kumbura kar ki huda shi kar ki lanƙwasa, yana kamawa da wuta.

Maganar karatu kuma, hutun SS2 shi ne daidai. In kika shiga zango na biyu na SS3 ki ajiye sukundireba sai kin gama WAEC da NECO.

Tambaya: Malama, wani ne ya kira wayar mahaifiyar yarona yace daga banki ne za a rufe asusunta, ita tana banɗaki yaron ya ɗauka, aka turo lamba ya karanta masa, nan take aka kwashe kuɗin adashenta. Yaron SS1 yake. Na zane shi amma har yanzu raina a ɓace yake, yaro yana makaranta a ce bai da wayo haka? Daga wani magidanci, Bauchi.

Amsa: Allah ya mayar da alheri Alhaji. Amma wa ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa? Mutanen nan farfesoshi ma sun damfara, aikinsu kenan dare da rana, za su kira sunan mutum cikakke su tsorata shi su hana shi minti ɗaya na tunani. Dukan nan abin da zai haifar shi ne gobe in irin haka ta sake faruwa ya ɓoye muku, alhali a wannan harkar saurin faɗa shi ne komai, don da an ankara ake kiran banki a toshe kati da asusu. In ba ku kai ƙorafi a rubuce ba ku kai, ku karɓi shaidar sun karɓa, in bankin ya yi shiru akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a babban bankin ƙasa, CBN.

Yanzu ka tara gidan duka har ita uwar tasu ka gaya musu banki ba ya kiran mutum ya tambayi PIN ko lambar OTP ko lambobin jikin kati, duk wanda ya tambaya ɓarawo ne ko da muryar liman yake magana, a kashe waya kawai. Bayan kwana biyu ka sa wani abokinka ya kira su da baƙuwar lamba ya gwada su, wannan ya fi wa'azin awa guda.

Tunda an buɗe babin ka haɗa da sauran. Duk wanda yace kawo dubu goma ka karɓi ashirin a wata, ka ba su labarin MMM da ta rufta da mutane a ƙarshen 2016 da CBEX a 2025, salon ɗaya ne suna kawai ake canzawa. Cacar ƙwallo ta waya ta shiga yaran sakandare fiye da yadda iyaye suke zato. Sai wanda ya fi bani tsoro, aboki yace ara min akawun ɗinka za a turo min kuɗi, in kuɗin sata ne mai asusun za a fara kamawa. Ni da zan ba ka shawara ma buɗe masa nasa asusun za ka yi, bankuna suna da na 'yan ƙasa da shekara 18 a ƙarƙashin iyaye, ka rinƙa sa masa kuɗin makaranta na mako a ciki, in ya cinye ranar Talata ya taka da ƙafa har Juma'a.

Tambaya: Malama ni gaskiya ban yarda ba. Mu malamai ko silabas ba mu gamawa, albashi ba ya isa, yanzu kuma a ce mu koya wa yara wanki da cefane? Wannan ai aikin iyaye ne. Daga wata malama, Katsina.

Amsa: Malama rabin maganarki gaskiya ce, wanki da girki na gida ne, ba wanda zai ce ki zo da tukunya aji. Amma uwar da ba ta taɓa cike fom ba ta yaya za ta koya wa ɗanta, uban da shi ma manja yake shafa wa ƙuna fa? Akwai abin da in ba a makaranta yaro ya ji ba to ba inda zai ji. Kuma ba sai an ƙara miki awa ba, in lissafi kike koyarwa ki ba su kashi cikin ɗari da cajin mai POS, in Turanci ne wasiƙar da za su rubuta ta zama ta neman gyaran suna a wani ofis.

Tambaya: Anti ƙanena zai yi JAMB, sunansa a NIN daban da na makaranta, a ɗaya Muhammad a ɗaya Mohammed kuma shekarar haihuwa ma ta bambanta. In je in gyara masa? Daga wata yaya, Jos.

Amsa: A gyara tun yanzu kafin a buɗe rajista, don tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da NIN kuma bayanan da ke can take ɗauka, in suka saɓa da na WAEC sai an zo tantancewa a jami'a abin zai tashi. Ku fara zama ku tsayar da rubutu ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, wadda ke kan takardar haihuwarsa, sai a bi sauran a daidaita, gyaran NIN a wurin hukumar NIMC mai ba da katin ɗan ƙasa ake yi kuma ana biyan kuɗi. Amma ki raka shi ne kawai, shi zai riƙe takardunsa shi zai yi bayani da bakinsa, ke kina gefe. Layin wayar da zai yi rajistar da shi kuma ya zama nasa ne ko na gida wanda ba zai ɓata ba, kar ya yi da na mai kafe, don duk saƙon JAMB ta wannan layin zai rinƙa zuwa har ya samu gurbi.